Sunan da Ta Faɗa Sau Ɗaya

Bayan na yi ritaya daga aikin jinya, aka saka ni cikin wani kwamiti mai sauraron koke-koken da ake kawowa a kan 'yan sanda: wanda ya taɓa 'yar mutane a ofis, da wanda ya mai da matarsa abin duka a gida. Sun ce suna son mace 'yar gari a cikinsu. Na san kujera kawai suke son cikewa, amma na je, don ni bakina bai iya shiru ba.

Akwai matar wani saje da har yau take tsaya mini a rai. Uwar yara uku ce, danginta suna unguwar Kumbiya-Kumbiya. Tana shigowa na lura da hannunta na hagu, ya karye ya ɗore a karkace. Na daɗe ina ganin irin wannan karaya a asibiti, ta wadda ta kare fuskarta daga duka ce. Ta gudo gida, kawunta da ya riƙe ta ya ce zai bar ta ta zauna idan hukuma ta tabbatar mijin yana da laifi, in ba haka ba ta koma ɗakinta a bariki. Abin da ya kawo ta gabanmu ke nan.

Mijin yana zaune gefe cikin kaki, an goge shi tas. Bel ɗin da ke ƙugunsa shi ne wanda ta ce yana dukanta da shi.

Shugaban kwamitin babban ɗan sanda ne mai bin ƙa'ida sau da ƙafa. Ya ce mata, “Malama, faɗi sunan wanda kike ƙara.”

Ta sunkuyar da kai. “Shi ne, ranka ya daɗe.”

“Shi wa?”

“Baban yara.”

Duk wanda ke ɗakin ya san abin da ke faruwa. Macen da ta tashi irin tashinmu ba ta kiran sunan mijinta. Ni kaina har maigidana ya rasu sunansa bai taɓa fita daga bakina ba, ko a waya. Raina ya ɓaci. Na ce, “Yallaɓai, ga mutum nan a zaune, ko wani mijin take da shi a ɓoye?” Ya ce shi ma ya san al'ada, amma ƙa'ida ta ce mai ƙara ta ambaci suna da bakinta.

Sai na ga sajen yana murmushi. Ya san matarsa, ya san kunyar da aka raine ta da ita za ta tsare shi fiye da kowane lauya.

Ina jin ita ma ta ga murmushin. Ta ɗago, ta riƙe karyayyen hannun da ɗayan, ta faɗi sunan. Cikakke, har da na mahaifinsa. Muryarta ba ta yi rawa ba, sai dai tana gamawa ta rufe baki da bakin mayafi kamar ta ƙone. Na yi mata murna, kuma na ji tsoro.

Muka saurari maƙwabta. Matan bariki sun ce ba su ji komai ba, alhali bangon ɗakunan nan ko tari aka yi ana ji. Ban ga laifinsu ba, mazansu abokan aikinsa ne. Na yi bayanin karayar, na yi faɗa har aka ce in sassauta. A ƙarshe aka ba sajen gargaɗi, aka canja masa wurin aiki zuwa wani gari.

Kawun ya ce tunda ba a tuɓe wa mijin kaki ba, ba shi da laifi. Labari kuma ya riga ya zaga dangi, ba na hannun ba, na cewa ta kira sunan mijinta a gaban mutane. Wannan rashin kunyar aka yi ta yi da ita, har aka sa ta ba mijin haƙuri.

Ranar da za su tashi ta zo gidana a unguwar Federal Low-Cost yi mini sallama. Ta ƙi zama. Na riƙe hannun nan ina dubawa, kamar akwai sauran abin da zan iya yi masa.

Na ce, “'Yata, ki faɗa mini gaskiya, kina son tafiyar nan?” Da gangan na ambaci sunansa, na ce in ya sake taɓa ta ƙofata a buɗe take.

Jin sunan ta zabura, ta waiga ƙofa, ta zare hannunta daga nawa a hankali.

“Inna, bari in tafi,” ta ce. “Shi yana waje yana jira.”