Tasalla Mai Gumi Ta Rushe Madafinta

Shekara talatin da 'yan kai Tasalla ta yi tana gumin shinkafa, wato turara ta kafin a casa, a Kimba, cikin wani madafi mai taga ɗaya tal, wadda tafin hannu zai iya toshewa. Da wannan sana'a ta riƙe gida bayan rasuwar mijinta. Ba ta taɓa kai taba bakinta ba, amma da aka ɗauki hoton ƙirjinta a asibiti a Jega, likita ya ce hayaƙin itace da na ƙaiƙayi sun daɗe suna cin huhunta.

Cikin shekara guda sau uku ana ba ta gado. Kowane lokaci ranga-ranga ake kai ta, numfashi na sarƙewa, a saka mata robar iska a hanci. Ranar sallama ta uku, wata nas mai suna Phoebe ta zauna bakin gadon, ta faɗa mata ba ɓoye-ɓoye cewa ciwon ba ya warkewa, amma komawa gado ba dole ba ce.

"To, mi za ni yi, ɗiyata?" in ji Tasalla.

"Inna, ki rabu da hayaƙi. Ki shaƙi wannan magani safe da yamma, ko da kina jin garau. Ki riƙa takawa kullum. In kakinki ya sake launi, ki zo ranar nan, kada ki jira sai an ɗauko ki."

Da suka isa gida, babban ɗanta Tukur, manomin albasa, ya shimfiɗa mata katifa, ya ce ta kwanta, aiki ya ƙare mata ke nan. Tasalla ta dubi katifar, ta dube shi.

"Ban mutu ba tukuna. Ɗauko diga ka buɗe mini madafin nan."

Tukur ya tsaya kame-kame, wai ginin mahaifinsa ne. Sai ta ɗauki taɓarya ta fara dukan bangon da kanta, ta buga biyu, ta tsaya ta yi tari, ta sake bugawa. Kunya ta kama shi, ya karɓa. Kafin azahar bango biyu sun kwanta, madafi ya koma rumfa, iska na ratsawa. Surukarta Zinatu ta karɓi aikin wuta, ita kuwa ta koma gindin darbejiya, inda hayaƙi ba ya kai mata. A kawo mata shinkafa ta murza da yatsu, ta ce a sauke ko a ƙara.

Bayan wata guda yayanta Jabir ya zo daga Maiyama da ƙullin magani. Ya ce iskoki ne suka shige ta, ya sa aka kawo garwashi a kasko, ya barbaɗa garin maganin, ya ce ta lulluɓa da zane ta shaƙi hayaƙin. Tasalla ta jawo buta ta tuttula wa kaskon ruwa.

"Yaya, hayaƙi ne ya kai ni inda nake. Ba ni ƙara shaƙar wani, ko wa ya kawo shi."

Jabir ya tafi ko ruwan gidan bai sha ba, ya yi wata biyar ba ya amsa gaisuwarta. Abin ya ci mata rai ƙwarai, amma ba ta janye maganarta ba.

Daminar bara, wata safiya ta ga kakinta ya koma kore. Ba ta yi shawara da kowa ba, ta ɗauki katinta ta shiga mota zuwa Jega. Aka duba ta, aka ba ta ƙwayoyi, ta dawo kafin la'asar. Shekara biyu ke nan ba ta kwana a asibiti ba.

Numfashin dai bai dawo kamar da ba. In za ta gonar Tukur sai ta huta sau uku a hanya, wani lokaci a zaune take salla. Yanzu kuma matan unguwa masu gumi ta sa a gaba. Biyu sun fasa bangon madafansu sun fitar da manyan tagogi, ta uku ta ce mata ta yi harkar gabanta. Tasalla ta ce ta ji, amma ranar Alhamis tana nan dawowa.