Kujerar da Gwaggo Asabe Ta Saya

Duk wanda ya zauna a layinmu na Fagge ya san Gwaggo Asabe ba ta yar da kwalbar man shafawa sai ta zuba mata ruwan zafi ta girgiza, ta shafe ƙafa da ruwan. Ƙanwar babana ce, ita ta raine ni, ita ta sayar da keken ɗinkinta ta sa ni jami'a. Ranar da aka biya kuɗin rajista ta tambaye ni me aka saya.

"Ilimi, Gwaggo."

"Ilimi ba ya kamuwa a hannu. A ina za ki zauna?"

"A kujera."

"To kujera na saya. Kada in ji ta wuni babu kowa a kai."

Ni kuwa littattafan soyayya sun riga sun gama da ni. A zatona jami'a wuri ne da iska za ta watsar min da takardu, wani dogo mai saje ya durƙusa ya tsince su, idanunmu su haɗu.

Ban daɗe da farawa ba zazzaɓi ya kwantar da ni. Na farka babu Gwaggo, babu jakata. Ashe adaidaita ta hau ta tafi aji. 'Yan ajinmu suka ce a sahun gaba ta zauna, da mayafinta da goronta. Malamin ya rufe littafi tun lokaci bai yi ba, ta ɗaga hannu.

"Malam, mudun bai cika ba."

"Hajiya, ke ɗaliba ce?"

"Ni ce mai kujerar. Yarinyar aro na ba ta."

Dole ya buɗe littafin ya ci gaba. 'Yan ajin nan sun daɗe ba sa amsa gaisuwata.

Dogon mai saje ma ya zo daga baya. Nura sunansa, yana sayar da waya a kasuwar Bata. Lokacin malamai suna yajin aiki, an rufe makaranta babu ranar buɗewa. Ya ce in bar wahalar nan mu yi aure, ai yayyensa masu digiri a shagonsa suke samun na abinci. Maganar ta shige ni. Na ɗaure littattafaina, na ce wa Gwaggo na haƙura da karatu, soyayya ce ke kirana.

"Ce mata kina aji," in ji ta.

Washegari ta ja ni Sabon Gari. Ta bi diddigi ta gano wani malaminmu, Dokta Bulus, yana tsare wa matarsa shagon abincin kaji. Ta shimfiɗa min tabarma a tsakanin buhuna.

"Hajiya, muna yajin aiki fa."

"Da gwamnati kuke yi. Ni me na yi maka?"

"Ƙungiya ta hana mu koyarwa."

"To kada ka koyar. Ka yi wa buhun nan bayani da ƙarfi. In yarinya ta ji, kunnenta ne."

Haka na yi darasin tattalin arziki cikin warin dusa, Gwaggo tana auna wa masu saye don kada su katse shi. Nura ya jira, ya gaji, ya auri wata. Na yi kuka irin na littafi, har da jingina da bango. Gwaggo ta ce in koma kan shukar na'a-na'arta in ƙarasa, kada ruwan ya tafi a banza.

Makon jarrabawar ƙarshe ciwo ya kwantar da ita. Na ce babu inda zan je in bar ta. Ta ce in na zauna za ta tashi ta je ta rubuta da kanta, ita da ko sunanta ba ta iya rubutawa. Kun san ta, za ta je. Na tafi ina share hawaye. Da na dawo daga takardar ƙarshe, ta buɗe ido da ƙyar.

"Kin cika musu takardar amsar?"

"Na cika, har na karɓi ƙari."

"Nawa ne ƙarin?"

"Kyauta ne, Gwaggo."

Ta daɗe tana kallona. "Kyauta, kika karɓi ɗaya?"

Ba ta ga fitowar sakamakon ba. Yanzu ina koyarwa a wata 'yar makaranta a bayan layinmu, kuma mutane kan tambaye ni ko karatun ya mayar da kuɗinsa. Ban san amsar ba. Na dai san na gama, ta kuma ji da kunnenta.

Allah ya jiƙan Gwaggo Asabe, ya yalwata mata makwanci, ya yi mata kyautar da ba sai ta nemi ƙari ba. Amin.