Ranar Da Na Hana Jikata Ta Kira Mu Kaka

Me ya sa na sunkuyar da kai a gaban yarinyar da na haifi wadda ta girme ta, alhali gaskiya tana bakina? Kullum sai na tambayi kaina. Ni ban iya rubutu ba, faɗa nake maƙwabciyata tana rubutawa, kuma na ce mata ko na yi kuka kada ta tsaya, kada kuma ta tausasa mini magana.

A lokacin ni mace ce mai tsoron duk wanda ya riƙe takarda. Tun ina da ƙuruciya muka zo aikin hajji da maigidana, muka zauna. Ya yi dako a rumbunan unguwar da ake kira Madinar Masana'antu har bayansa ya lanƙwashe, ya sami kafili, wato ɗan ƙasar da ya tsaya masa, muka sami iƙama, takardar izinin zama, amma tsoron bai bar ni ba. A unguwar Karantina muka tsufa, inda ko gishiri za ka saya da Hausa za ka saya. Da aka rushe unguwar muka koma wurin ɗiyarmu, a wani bene da babu mai amsa sannu. Mijinta jininmu ne amma ɗan ƙasa ne, shi ya sa 'yarsu ta sami gurbi a rauda ta gwamnati, makarantar ƙanana kafin firamare. Uwar tana aiki, uban yana tuƙin babbar mota, don haka ni ke kai ta, ni ke ɗauko ta.

Ranar farko na yi murna kamar ni aka ɗauka. Gini mai kyau, sanyi ko'ina, bango duk zane. Ɗiyata ta ce ai makarantar tana cikin waɗanda masu duba makarantu ke yabo a yankin. Amma ko ni da ban yi karatu ba na lura da wani abu. Yara sun cika ajin, malama ɗaya ce, abla suke ce mata, kuma yawanci idan na leƙa kanta na kan takardu tana cikewa, yara na kallon allon da ke magana. Na ce wa zuciyata su suka san aikinsu.

Jikata kuwa ba ta da aiki sai surutu, Larabci da iyayenta, Hausa da mu. Ni Kaka, maigidana ma Kaka, in ta kira sai mu amsa tare, shi ya ce da shi ake, ni in ce ya yi ta kansa. Wata rana aka ce yara su zana wanda suka fi so a gida. Ta zana tsoho da hula, abla ta tambaye ta wane ne, ta ɗaga murya ta ce Kaka. Ajin ya fashe da dariya. Ku da ke gida ba za ku gane ba: a bakin yaran nan, kaka shi ne kashi. Abla ta ce ta sake faɗa da kyau, ta sake cewa Kaka, har sau uku, tana mamakin abin dariyar. Aka tsayar da ita ta fuskanci bango.

Da na zo ɗaukarta aka shigar da ni ofishin mudira, shugabar makarantar. Abla ta ce yarinyar tana da ƙazamin baki, tana zagin manyan gidansu, ta lalata mata aji a makon da masu dubawa za su zo. Na fahimci komai nan take. Larabcina na kasuwa ne, amma ya isa in ce wannan sunan uban uwarta ne a harshenmu. Kalma nawa ce? Ban faɗa ba. Na ga tebur, na ga hatimi, sai na ji kamar iƙamata ake tambaya. Na ce su yi haƙuri, ba za ta ƙara ba. Suka miƙo takardar alkawari, na dangwala yatsa, jikata tana tsaye tana kallona.

A hanya na gaya mata daga yau babu Kaka, ni sitti ce, shi kuma sidi, kamar yadda 'yan ajinsu ke faɗa. Da ta manta da yamma ta kira shi, na buge mata baki. Maigidana ya tashi zaune da ƙyar, ya tambaye ni ko a kan Larabawa aka fara haihuwar jikoki. Ya ce shi bai yi shekara da shekaru yana ɗaukar buhu ba don a wayi gari sunansa ya zama najasa a ɗakinsa. Na ce ya yi shiru, bai san halin masu takarda ba, za su iya korar ta. Ya ce ai ni na riga su.

Ba ta ce sidi ba, ba ta kuma ce Kaka ba. Ta daina kiransa gaba ɗaya. In ya miƙo mata dabino sai ta karɓa ta gudu. Hausar ma ta ɗauke daga bakinta, don ba ta san wace kalma ce kuma za ta zama laifi ba. A makaranta ta yi gum. Ƙarshen zango suka rubuto cewa ba ta magana, ba ta shiga cikin yara, a kai ta a duba ko tana da nauyin fahimta. Yarinyar da ke hana mu barcin rana da labari! Uwarta ta yi ta kuka, ni kuwa kunya ta hana ni gaya mata abin da na dangwala wa yatsa. Ana cikin haka ciwon ƙirjin maigidana ya tsananta. Wata ranar Talata na fita ɗauko jikata da azahar, kafin mu hawo bene Allah ya yi masa cikawa.

Na yi takaba wata huɗu da kwana goma, babu ranar da ban ga bangon nan da yarinya ta fuskanta ba. Ranar da na fita, ban je gaisuwar kowa ba, rauda na nufa. Ban shiga ofis ba. Na tsaya a ƙofar aji lokacin tashi, iyaye mata sun taru, na riƙe hannun jikata na kira abla. Na buga ƙirjina na ce ni ce kaka, ta dube ni da kyau ta gaya mini ko ƙazanta ta gani. Na ce wanda yarinyar ta zana mijina ne, ya rasu, ya fi shekarun uban ita ablar yana sallah a ƙasar nan. Na tambaye ta, a cikin takardun da take cikewa, babu layin da ya ce a tambayi yaro me yake nufi kafin a juya shi bango? Mudira ta fito tana cewa halas ya hajja, halas, wato ya isa haka a bakinsu. Na ce ba halas ba, a kawo takardar da na dangwala. Suka ce ta shiga fayil, ba ta fitowa. Abla ta yi ja, idonta ya kawo ruwa, ta ce da na faɗa tun ranar ai da ba a kai nan ba. Wannan ta faɗi gaskiya, ta kuma soke ni. Na ce laifina na ɗauka, ita ma ta ɗauki nata. Muna saukowa daga matakala jikata ta matse mini yatsu har suka yi zafi. Bakinta ya fara dawowa, kaɗan kaɗan, amma wanda ya fi kowa jiran sa ba ya nan.

Iyaye da kakanni, musamman mu da muke zaune a ƙasar wasu, kada sanyin gini da yabon masu dubawa su rufe muku ido. Ku leƙa ajin. Ku ga ko akwai mai durƙusawa ta saurari yaro. Kada ku dangwala yatsa a kan abin da zuciyarku ta ƙi, ko da ba ku iya karanta shi ba. Rashin karatu bai sa ni yin shiru ba, tsoro ne, kuma na gama da shi. Duk wanda ya ji jikata ta kira ni a titi ya ga dama ya yi dariya, zan amsa da ƙarfi.

Ranar Talatar nan da ya rasu, ina ɗaura mayafi zan fita, maigidana ya kira ni. Muryarsa ta yi ƙasa, amma tsokanar da yake yi wa jikarsa tana nan. Ya ce, “Ki gaya wa amaryar tawa ni ban sake ta ba. Yajin ya isa haka, ta dawo.”