Sefar Aminin Mahaifina

A shekarun da kuɗin man fetur suka cika ƙasar nan, ni matashi ne mai ji da kansa. Na bar koyarwa a wata firamare ta Roni na koma Babura fataucin hatsi. A lokacin naira na da daraja, har 'yan Nijar kan roƙe mu mu yi musu canji.

Jarin da na fara da shi wani dattijo ne ya ranta mini, mutumin Nijar mai sayar da dabbobi, aminin marigayi mahaifina. Baba nake ce masa. Ya ƙirgo mini sefa, kuɗin ƙasarsu, ba takarda ba shaida, ya ce idan na samu in mayar masa da sefa kamar yadda ya ba ni. Kafin shekara ta zagayo na samu. Matata ta ce in kai wa mutum haƙƙinsa, na ce mata sefa ba guduwa za ta yi ba, na zuba kuɗin a wata tsohuwar mota a-kori-kura.

Sai muka ji a rediyo wai bashin waje ya yi wa ƙasa katutu, gwamnati za ta saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Ban ɗauka maganar ta shafe ni ba, sai ranar da na je wurin 'yan canji. Ko sisi ban ƙara ci ba, amma bashina ya ninka, kuma kullum ƙaruwa yake. Kunya ta sa na fara ɓuya. Duk ranar kasuwa idan na hango Baba a kara, wurin cinikin dabbobi, sai in sake hanya. Rannan ya ritsa ni a bakin masallaci, ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, ba kuɗi na zo nema ba. Fuskarka na daina gani, ita ce kuwa ta rage mini ta babanka." Na kasa ɗaga kai.

Sai da na sayar da motar da gonar gadonmu ta Gwiwa kafin kuɗin su cika. Da na tsallaka iyaka na isa garinsu, na tarar an yi sadakar arba'in ɗinsa. Babbar 'yarsa ce ta karɓa, ita ta gaya mini cewa guzurin aikin hajjinsa ne ya ba ni, kuma ya hana kowa ya faɗa mini.

Yau na tsufa, amma abin bai bar ni ba. Na daɗe ina zagin gwamnati, alhali wata guda cur kuɗin suka yi a hannuna tun naira ba ta faɗi ba. 'Yan uwa, kada ku ci bashi da kuɗin wata ƙasa kuna neman abinci da naku. In kuwa kun ci, ku biya ranar da kuka samu. Ba ku san abin da mai shi ya haƙura da shi ya ba ku ba.