Kawu Ba-Zama da Motar Littattafai

Kawuna direban tirela ne, a kan hanya ya yi furfura. Abokan aikinsa Ba-Zama suke ce masa, don ko shayi a tsaye yake sha. Da kamfani ya sallame shi saboda shekaru, sai gida ya zame masa kurkuku. Ya kwance fankar falo ya sake ɗaurawa, ya canza wa kujeru wuri, ya buɗe cikin rediyon da lafiyarsa ƙalau har sai da ya lalata shi.

Inna, matarsa, ta gaji. Ta ce, "Malam, don Allah fita ka sha iska, kafin ka kwance mana rufin ɗaki."

Ya kama zaga gari a ƙafa. Wata rana ruwan sama ya tare shi a bakin laburaren gari, ya shiga fakewa. Ya ɗauki jarida ya zauna, ƙafarsa na ta rawa har tebur na motsi, ɗalibai suna harararsa.

Mai kula da wurin, wata mata mai tabarau, ta matso a hankali. "Baba, lafiya dai?"

"Lafiya lau, 'yata. Zama ne ba ya karɓata."

Ta yi dariya ta ce to su zagaya. Ta nuna masa ɗakin yara, da kwamfutocin da matasa ke neman aiki da su, da ajin da manya ke koyon karatu, da littattafan makafi da ake karantawa da yatsa. Daga baya ta sa masa wani abu a kunne, wai littafi ne na saurare, labarin wani matuƙin jirgin ruwa. Kawu ya dinga kai da kawowa a baranda yana ji, yana yi wa matuƙin faɗa idan ya yi ganganci.

Kullum sai ya je. A wannan zirga-zirgar ne ya hango wata farar mota a bayan ginin, tayoyinta sun kwanta. Ya tambaya, aka ce ta kai littattafai unguwannin nesa ce, direbanta ya samu wani aiki ya tafi.

Ranar Kawu bai iya cin abinci ba. Kashegari ya zo da akwatin sifanoninsa da lasisinsa, ya ce zai gyara motar ya riƙa tuƙa ta. Matar ta ce sai shugabanni sun yarda, kuma sai likita ya duba idonsa. Jiran nan ya kusa haukata shi. Ya wanke motar har fenti ya fara kuka, ya ishi kowa da tambaya, har maigadi na ɓuya in ya hango shi.

Da izini ya fito, ya ɗora akwatunan littattafai ya kama hanya. Yanzu yara na jin hon ɗinsa suke sheƙowa a guje. Amma hankalinsa bai kwanta ba: yau yana so a ƙara asibiti cikin zagayen, gobe gidan yari.

Makon jiya wata tsohuwa ta tare shi a unguwar bayan gada. "Direba, ina littafin kiwon kajin da ka yi mini alkawari? Jikata zai karanta mini."

Kawu ya dafe kai, ya manta. Ta ce ba komai, ya kawo wani zuwan.

"Wane wani zuwan, Iya? Kajin za su jira ni ne?"

Ya juya kan mota ya koma gari ɗauko mata.