Ƙwallon da ya bugi ƙafar Zainabu

La Courneuve

Mun fito bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba, ni da jikata Zainabu. Ku na Maradi kun san ban iya rubutu ba. Maƙwabciyata Mariyama ce ke rubuta muku wannan, in kuka ya zo mini ta ajiye biro ta jira ni. Tun da na fita takabar Alhaji ban je ko'ina ba sai wannan rana.

Ga abin da ya tashe ni. Zainabu ta daina magana da ubanta, ɗana na fari da ke zaune a Lyon. Bayan an rufe Alhaji ta kwaso kayanta ta tare wurina, wai ta zo taya ni zama. Na ji daɗin haka, amma duk sanda uban ya kira waya sai ta shige ɗaki. Na ce mata ƙafata ba za ta iya jirgi ni kaɗai ba, dole ta raka ni. Ta ce rakiya ce kawai, tare za mu dawo.

Cikin jirgi

Jirgin ƙarƙashin ƙasa ya kai mu tashar Gare de Lyon a nan Paris, muka shiga jirgin ƙasa mai gudun nan. Kujerar bakin taga aka ba ni, inda Alhaji yake son zama. Mai duba tikiti ya ga hawayena, ya tambayi Zainabu ko ba ni da lafiya, ta ce lafiyata lau. Shayin jirgi tsada gare shi kuma ba daɗi, sai na buɗe dambun naman da na yo.

Da muka fara wuce gonaki da fararen shanu, na ce ta gaya mini laifin ubanta. Ta jera dabino a kan ɗan teburin ta nuna mini wasan da take yi, besbal. Wani ya jefo ƙwallo, wani ya buge shi da kulki, sai a ruga ana taka fararen matasai uku a dawo inda aka fara, wurin da suke kira gida. Ta ce doka ta hana mai gudu shiga gaban wanda zai kama ƙwallo. Kuma in ƙwallon da aka bugo ya taɓa mai gudu kafin ya wuce mai tsaro, an fitar da shi, ko da ba da gangan ba ne.

Ranar wasansu na ƙarshe bara, alƙali bai zo ba, aka roƙi ubanta ya tsaya tunda ya koyi aikin. Tana gudu ƙwallo ya bugi idon sawunta. Uban ya ɗaga dunƙulallen hannu ya fitar da ita, wasa ya ƙare a nan, aka cinye su.

"Ban ce bai yi daidai ba, Kaka," in ji ta. "Amma sau ɗaya tak Alhaji ya zo kallona, abin da ya gani ke nan. Da shi ya tafi."

Ina wurin a ranar, kusa da Alhaji. Dariya da kuka suka taso mini tare. Na bar maganar sai gaban ubanta.

La Guillotière

Ɗana ya tarye mu a tashar Lyon, ya durƙusa ya gaishe ni. Zainabu ta gaishe shi tana kallon takalminta. Muka hau taram, jirgin da ke bin titi, zuwa unguwarsu, surukata ta yi tuwon semo da miyar kuka. Da aka kwashe kwanuka na ce kowa ya zauna.

Na gaya musu Alhaji ƙwallon ƙafa kaɗai ya sani. A hanyarmu ta komawa Paris ranar nan bai bar ni na runtsa ba. Cewa yake ko na ga yadda amaryarsa, haka yake tsokanar Zainabu, ta tare ƙwallon nan da ƙafa ɗaya kamar gola? Fili duk ya ɗauki ihu, uban da kansa ya ɗaga mata hannu, aka tashi wasa don ba sauran abin yi. Ƴan matan da ke kuka, ya ce daɗi ne ya yi musu yawa. Babu wanda ya shiga shagonsa a Château Rouge bai sha labarin ba. Har turmin atamfa yake jefarwa ƙasa ya tare da ƙafa don su gane. A asibiti ma ya nuna wa mai ba shi magani, ƙafarsa tana motsi ƙarƙashin bargo.

Ɗana ya ce, "Inna, ba wanda ya gaya masa gaskiya?"

Na ce, "Wa zai gaya masa? Ni ma haka na ɗauka sai yau a jirgi."

Zainabu ce ta fara dariya, har ta kife a kan kafet, daga nan ta koma kuka. Uban ya ce tun ranar bai sake yin alƙalanci ba, don da ya ɗaga hannun ya waiwaya ya ga tsohon yana tafi, ya ɗauka baƙin ciki yake ɓoyewa. Zainabu ta ɗago kai. Ta rarrafa ta zauna kusa da gwiwarsa. Ni ma na yi kukana, amma ba irin na gida ba ne.

Filin wasa

Lahadi da hantsi muka hau bas zuwa bayan gari. Ƙawayen Zainabu suka rungume ta, aka ara mata riga, wasan gwaji ne tsakaninsu. Ba alƙali, sai ita da bakinta ta ce, "Baba, zo ka tsaya."

Can tana gudu, ƙwallo ya taho ƙasa-ƙasa yana neman ƙafarta. Ta daka tsalle ya wuce ta ƙarƙashinta, ta ci gaba, bugu na gaba ya kai ta gida. Ta zo wurina tana haki ta tambaye ni yaya na gani. Na ce da mijinta Alhaji yana nan da ya ce ta lalace, ƙwallo a gabanta ta bar shi ya wuce.

Komawa

Litinin suka kai ni tasha su biyu. Zainabu ta ce wa zai riƙe ni, tunda ƙafata ba ta iya jirgi. Na ce ƙafar ta warke, ta koma makarantarta da wasanta, ta riƙa zuwa mini in an yi hutu.

Na zauna bakin taga har Paris. Mariyama ta tarye ni, muka iso gida kafin la'asar. Ɗakin shiru, takalman Alhaji suna nan bakin ƙofa inda ya bar su. Ban ko cire mayafi ba waya ta yi ƙara, uba da ƴa suna ƙwace ta a hannun juna, kowa yana tambaya ko na sauka lafiya.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Mariyama da haƙurinta. Ku sa Alhaji a addu'a. In wani da ya ji labarin a shagonsa ya zo muku da shi, kada ku gyara masa.