Batir Biyu da Allurar Baba: Daga Agege zuwa Kwantagora

Agege, 5:40 na asuba

Muna sallame salla muka tashi, ni a sitiyari, Baba a kwance a baya. Motar tsohuwar bas ce da na saya da gado a ciki, don Baba ba ya iya dogon zama. Ciwon suga ne da shi, allurarsa kuma ba ta son zafi. Kwalabe shida na wata biyu muka ɗauko a ɗan firji, an ce idan suka ɗumama sun lalace. Tunaninsu ya hana ni karin kumallo.

Abule Egba, 6:15

Batir biyu ne a motar, na inji da na cikin ɗaki. Oga Lamidi mai wayarin mota ya ja waya mai kauri daga na biyun, ya sa fiyus, ya haɗa firji da fanka. Na ce ya ƙara soket uku irin na gida.

"Alhaji, uku na menene? Shago za ka buɗe?"

"Ka san mutanenmu."

"Na san su, shi ya sa na tambaya." A Agege ya tashi, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. "In ka kashe inji, firji kaɗai. Ka ji ko?"

Na ce na ji. Naira dubu goma sha takwas ya karɓa, muka bar wurin 8:50.

Mile 12, 10:30

Mai zuwa Arewa ba ya wucewa bai karɓi saƙo ba, balle Baba da ya yi shekara talatin yana sayar da albasa a nan. Na kashe inji, na shiga kasuwa karɓo kaya. Da na dawo 12:45 sai na tarar da mota ta zama majalisa. 'Yan dako sun zo gaisuwa, wayoyi rututu a soket, wani har ya jona butar lantarki zai dafa wa Baba shayi.

"Wa ya ce a jona?"

"Ni na ce," in ji Baba. "Mutum ya zo gaishe ka, ka hana shi wuta?"

Ni kaina da ina wurin ba zan iya hanawa ba.

Shagamu, 2:20

Baba ya ce fanka ba ta juyawa. Na faka gefen titi, na leƙa firji: fitilarsa a mace. Tun yaushe? Babu wanda ya sani. Na kira Oga Lamidi.

"Buta ko?" ya ce, tun ban gama bayani ba. "Duba fiyus kusa da batir. Akwai wani na ɗaure maka da salatif a murfi."

Na canza, firji ya yi gurnani ya tashi. Na ɗora kwalba ɗaya a kumatuna. Da sauran sanyi, ko kuwa zuciyata ce ke so ya zama haka, ban sani ba. A shingen 'yan sanda na bayan Ibadan aka ce in ba da takardu, hankalina na kan firji, na miƙa katin asibitin Baba.

Ilori, 6:50

Muka kwana gidan wani abokin Baba mai sayar da goro. Tuwon masara ne da miyar kuɓewa, na ci loma uku. Kwalaben na kai su firjin maƙwabci.

Makwa, washegari, 11:10

Mun tsaya cin abinci, inji a kashe. Wani dattijo sa'an Baba ya yi sallama, waya a hannu.

"Ɗana, ka taimaka mini da caji, ko na minti goma ne."

Baba ya riga ya miƙa hannu zai karɓa. Na riga shi, na ce wa dattijon:

"Baba, ka yi haƙuri, ba dama. Akwai magani a firji."

Dattijon ya ce babu komai, ya mayar da wayar aljihu a hankali, ya juya. Tun da nake ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Wataƙila ma waya ɗaya ba za ta yi komai ba, amma tsoro ya riga ya ci ni. Daga nan har gida Baba bai ce mini uffan ba.

Kwantagora, 3:30

Inna ta tare mu a ƙofar gida. Na wuce kowa da firji a rungume. Aka yi wa Baba allura, bayan magariba na gwada jininsa: sugan ya sauka daidai. Na zauna daɓas a ƙasa. Alhamdu lillahi da ya kawo mu lafiya, Allah kuma ya saka wa Oga Lamidi da alheri.

Inna ta tambayi Baba yaya hanya.

"Lafiya lau," ya ce, bai dube ni ba. "Ɗanki ya kawo magani da sanyinsa. Ya kuma hana dattijo wuta a Makwa, ni ina zaune ina kallo."